Bes ɗin oda daga hannun masassaƙi ɗaya: ta cancanci kuɗinta ko suna kawai ake saya?

Sadiq_Bes:
Salam 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa riƙe abin da hannunsa ya fara magana kafin 'yan "na ji an ce" su shigo. Shekara tara kenan ina kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin murya, mai tsirkiya biyar nake amfani da ita yanzu ta kamfani, ba ta da wani babban laifi amma abu biyu sun ishe ni. Nauyi dai na farko, na ɗora ta a sikeli kilo 4.8, in muka yi awa uku a tsaye kafaɗata kwana take tana zogi. Sai tsirkiyar B ɗin nan mai kauri, lakwaf take kamar igiyar shanya, in na taɓa ta sai dai kaji buuu ba ka gane wace murya ce ta fito. To akwai wani masassaƙin jita da na daɗe ina bin aikinsa a intanet, shi kaɗai ne sai yaronsa ɗaya, mun yi magana yace zai yi min amma in biya rabi kafin alƙalami sannan in jira wata goma sha huɗu. Kuɗin kuma wlh zai sayi na kamfani masu kyau guda huɗu ko biyar. In shiga ko in haƙura?

Nura Fuzz:
Haƙura. Cinikin biri a sama kenan, ka biya kuɗi kan abin da ba ka gani ba, ba ka ji ba, ba ka taɓa ba. James Jamerson da bes ɗin Fender Precision ta 1962 ta kamfani ya yi yawancin aikinsa a kamfanin waƙa na Motown, Jaco Pastorius ma Jazz Bass ce ta kamfani ya cire mata firet, ƙarafan nan da ke jere a kan wuya, da kansa. Leo Fender da gangan ya tsara wuyan jita da sukurori huɗu don a dinga haɗawa da yawa cikin sauri, kuma har gobe ita ake kwaikwaya. Su wane ne mu da za mu ce sai an sassaƙa mana tamu daban?

Zee Jita:
Nura kai kullum da Jamerson kake buɗe baki 😂 Jamerson tsirkiya huɗu yake kaɗawa, shi kuma Sadiq matsalarsa ta biyar ce. Kuma ka manta ita kanta B ɗin daga ina ta samu gindin zama? Anthony Jackson ne ya dinga bin masu haɗa kaya da ra'ayinsa na bes mai tsirkiya shida, har Carl Thompson a New York ya yi masa ta farko a 1975, daga baya ya koma wajen Ken Smith, sannan Fodera. Ba babban kamfani ne ya saurare shi ba, ƙananan nan ne da kake rainawa. Sai da abin ya karɓu manyan suka biyo baya.

Nura Fuzz:
Na yarda da tarihin Anti Zee, amma wancan lokacin babu ne shi yasa. Yanzu kowace masana'anta tana yin mai biyar da mai shida.

Malam Habu Mai Saiti:
Wa alaikumus salam Sadiq. Ni gyara da saiti ne sana'ata, na oda da na kamfani duk sun bi ta kan teburina, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Kafin ka tura ko sisi ka amsa min: yaushe rabonka da canza tsirkiya, wane kauri ka sa wa B ɗin, kuma tsawon bes ɗin daga goro (inda tsirkiya ke hawa a saman wuya) zuwa gada (inda take sauka a gangar jiki) inci nawa ne? Don sau da yawa mutum zai zo min yana kukan B ɗinsa ta mutu, in duba in ga wuyan ya lanƙwashe ba a taɓa juya ƙarfen cikinsa ba tunda aka sayo, ramin goron ya yi wa tsirkiyar kaɗan, fikof ɗin kuma, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, an ɗago shi har maganaɗisunsa yana jan tsirkiyar yana hana ta karkarwa yadda ya kamata. Aikin awa biyu sai kaga mutum ya fasa sayen sabuwa. Ba wai ina hana ka ba ne, so nake ka tabbatar ciwon na bes ɗin ne ba na rashin kulawa ba.

Sadiq_Bes:
Malam Habu inci 34 ce, B ɗin mai kaurin inci .130 na sa, wata biyu da canzawa. An yi min saiti bara ta ɗan gyaru amma ba can ba.

Malam Habu Mai Saiti:
To madalla, ka san abinka. 34 shi ne tsawon da Fender ya kafa tun Precision ta 1951, kuma don tsirkiya huɗu aka yi shi. Shi yasa masu yin mai biyar da yawa suka koma 35. Sheldon Dingwall na Kanada ma wucewa ya yi, firet ɗinsa a karkace suke kamar an buɗe mafici, B tana samun inci 37 ita kuma G tana nan a 34, kowace tsirkiya da tsawon da ya dace da kaurinta. Amma kar ka ɗauka tsawo ne kaɗai magani. Na taɓa masu 34 da B ɗinsu take tsaye cak, saboda wuyan yana da tauri sosai, an haɗa shi da katako fale-fale uku ko biyar an manne, wasu har da sandunan kabon a ciki, kuma ya zauna daram a gangar jikin babu ko ɗan rata. A nan ne mai aikin hannu yake da fifiko in ya iya, zai ɗauki katakon ya auna nauyinsa ya lanƙwasa ya ga taurinsa, wanda bai yi masa ba ya ajiye. Masana'anta ba ta da wannan lokacin, abin da ya zo kan layi shi za a yi da shi, shi yasa za ka ɗauki biyu iri ɗaya sak a rataye waje ɗaya, ɗaya ta yi daɗi ɗaya ta zama itacen wuta.

KB Studiyo:
Ni dai daga ɓangaren ɗaukar sauti zan yi magana. In aka gama haɗa waƙa, ga ganga ga fiyano ga murya, wlh babu mai sauraron da zai ce maka wannan bes ɗin ta oda ce. Abin da ni nake ji a na oda masu kyau shi ne ba sa ba ni wahala: babu ƙugin wuta, kowace murya daga ƙasa har saman wuya ƙarfinta ɗaya, ba sai na zauna ina bin wata da ta nutse ina ɗagowa ba. Amma wai katakon kaza yana ba da "ɗumi" katakon kaza yana ba da "haske" a jitar lantarki, ni na daina shiga wannan musun. Fikof da wurin da aka dasa shi da tsirkiya da hannun mai kaɗawa sun cinye kusan duka.

Baba Ɗanlami:
KB yaro na, a ta lantarki zan iya bar maka. Amma kar maganar nan ta tsallaka kan jitar da ba ta amfani da wuta, can katako shi ne lasifikar. Fuskar jitar, wato allon saman nan, siririn katako ne da bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, da 'yan sanduna manne a bayansa, kuma masassaƙi zama yake yana feƙe sandunan nan kaɗan-kaɗan yana ƙwanƙwasawa yana saurare har sai allon ya amsa masa. Ervin Somogyi na Oakland a Amurka da wannan ya yi suna. Masana'anta dole ta bar allon da ɗan kauri don kar a dinga dawo mata da kaya sun tsage, shi kuwa mutum ɗaya zai iya kai shi har bakin iyaka. Ina da guda ɗaya irin wannan shekara ashirin da wani abu, in na kaɗa ta a ƙirjina nake jin ta kafin kunnena.

KB Studiyo:
Baba ban musa ba ko kaɗan. Amma ko a can ɗin ai fuskar ce, ba tsadadden katakon baya da gefe da ake cajin mutane a kai ba. Antonio de Torres na Sifen, wanda kusan duk jitar gargajiya ta yau tsarinsa take bi, a 1862 ya yi wata da baya da gefenta na takarda ce da aka manna, don kawai ya nuna aikin a fuska yake. Bob Taylor ma a 1995 ya haɗa wata da katakon fale-falen da ake ɗora kaya a sito.

Baba Ɗanlami:
Haka ne, kuma ka ga duk misalan naka hannun gwani suke yabo ba masana'anta ba. Allah ya yi maka albarka ka taya ni hujja 😄

Ɗan Gata 77:
Ni tambayata, wai da gaske da hannu ake yin su? Na ga bidiyon wani da ake ce wa na oda amma inji ne yake yanka masa komai.

Zee Jita:
Yawancinsu yanzu suna amfani da injin CNC mai aiki da kwamfuta wajen yanke gangar jiki da ramin wuya da layukan firet, kuma ni ban ga laifi ba, inji ya fi hannu daidaito a wannan. Wasu ma suna sa injin Plek na Jamus ya daidaita musu firet. Hannun yana shigowa ne wajen zaɓen katako, gyaran bayan wuya da magagari da samfefa har ya dace da tafin mai ita, goge bakin firet ɗaya bayan ɗaya, yanka goro, fenti, saiti na ƙarshe. Sunan ma ya zama wani iri. Paul Reed Smith shi kaɗai ya fara yana bin mawaƙa bayan dandali yana nuna musu aikinsa har Carlos Santana ya karɓa, ya kafa kamfani a 1985, yau PRS masana'anta ce babba. Suhr da Collings da Tom Anderson ana kiransu ƙanana amma ma'aikata ne da su da yawa. Sai kuma irin Linda Manzer ta Toronto da ta yi wa Pat Metheny mai tsirkiya 42 a 1984, kuma garin yin ta ne ta ƙirƙiro sirantar da gangar jikin ta gefen sama don hannu ya huta, abin da wasu suka ɗauka daga baya. Duk sunansu ɗaya a bakin mutane amma ba abu ɗaya ba ne.

Hamza Lefti:
Sadiq tsaya ka ji nawa kafin daɗin baki ya kwashe ka. Ni bahago ne, samun jita mai kyau ta hagu wahala ce, shi yasa na ba wani oda, ba zan kama suna ba. Yace wata takwas. Na biya rabi. Wata uku na farko hotuna yake turo min, ga katakonka ga wuyanka, ina ta murna ina nuna wa mutane. Daga nan shiru. In na yi magana yace fenti bai bushe ba, wata biyu yace ya canza shago, can yace mai kawo masa fikof ne ya ɓata masa lokaci, ni kuma ina ganinsa yana saka hotunan sababbin oda da ya karɓa bayan tawa, ashe kuɗin sabon shiga yake ƙarasa aikin tsohon da shi. Shekara biyu da wata biyar kafin ta iso. Kuma abin haushin jitar ta yi kyau gsky, ba ni da abin cewa kan aikin, amma har yau in na buɗe akwatin sai na tuna baƙin cikin da na sha. Mutumin gwani ne a teburin aiki, a lissafi da cika alƙawari kuma sifili.

Sadiq_Bes:
Innalillahi. Yaya Hamza wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro. Ba ku yi rubutu ba ne?

Hamza Lefti:
Hira ce kawai a waya da saƙonni, ni ma sakacina ne. Da yanzu ne, sai ya rubuto min komai dalla-dalla: irin katako, nauyin da ba za ta wuce ba, kaurin wuya da milimita, ranar gamawa, da abin da zai faru da kuɗina in ya wuce ranar. Kuma ba zan tsaya kan hotunan shafinsa ba, mutum uku da suka karɓi kayansu a shekarar nan zan nema in tambaye su wata nawa aka ce musu wata nawa suka jira. Rabi ma ya yi yawa a ganina, ka nemi ya rage.

Nura Fuzz:
To kun ji dai. Ga kuma ranar sayarwa. Fender ko Gibson ko Music Man ka saka a kasuwa yau gobe an ɗauka, kowa ya san su. Ta wani bawan Allah da mutum ɗari biyu suka sani a duniya, wadda aka yi daidai hannunka da kalar da kai kaɗai take burgewa, wa zai saya? Sai ka yi asarar rabi.

Zee Jita:
Wannan kam gaskiyarka ce Nura, ban da 'yan kaɗan. Fodera da Vinny Fodera da Joey Lauricella suka kafa a Brooklyn a 1983 tana riƙe daraja saboda irin su Victor Wooten da Richard Bona suna kaɗa ta. Wal ta Ingila ma tsofaffin nema ake ruwa a jallo. Alembic haka, su da suka fara tun 1969 kuma suna cikin na farko da suka sa wa bes na'urar ƙara sauti mai batir a ciki. Amma kar wani ya kawo min zancen jitar Wolf da Doug Irwin ya yi wa Jerry Garcia da aka sayar dala miliyan 1.9 a 2017, wannan Garcia aka saya ba katako ba.

Ummu Hanan:
Ni 'yar kallo ce a nan ɗana ne yake koyo, amma abin ya ba ni dariya, Brian May mai jitar ƙungiyar Queen ba shi da babansa suka haɗa tasa a gida da katakon tsohon murhu ba? Kuma Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar tasa ta farko. Ku kuna nan kuna lissafin milimita.

Malam Habu Mai Saiti:
Hajiya ai Brian May shi ne babban mai lissafin milimita, shi da mahaifinsa kusan shekara biyu suka yi suna aune-aune, kuma ita yake kaɗawa har yau saboda daidai hannunsa aka yi ta. Wannan ne ma abin da nake son Sadiq ya gane. Kamar tela ne, wanda bai san awonsa ba ko ya je wajen gwani rigar da ba ta zauna masa ba zai karɓo, kuma ba laifin telan ba ne. Na ga wanda ya yi oda ya zaɓi duk abin da ya gani a hoto yana sheƙi, katakon bubinga da wenge masu nauyin tsiya, gada ta tagulla, fikof uku, maɓallai bakwai, da ta iso ta fi tsohuwar tasa nauyi kuma maɓalli biyu kawai yake taɓawa. Kai kuma kafaɗa ce damuwarka, don haka katako mara nauyi za ka nema irin su ash mai sauƙi ko alder, ko a rarake cikin gangar jikin kamar yadda Roger Sadowsky yake yi wa nasa. Amma akwai tarko: in jiki ya yi sakayau kai kuma ya yi nauyi, wuyan zai dinga rinjaya ƙasa, hannunka na hagu ya koma tallafe shi maimakon kaɗawa, ciwon ya tashi daga kafaɗa ya koma wuyan hannu. Sai an sa maɗauran tsirkiya marasa nauyi, kuma ƙahon sama da ake maƙala ɗamara ya kai wajen firet na 12. Ka tambaye shi wannan, daga amsarsa za ka san ko ya san aikinsa. Sannan tazarar tsirkiya a gada, milimita 19 kake so ko 18 ko 16.5? In ba ka sani ba to lokacin oda bai yi ba tukuna.

Sadiq_Bes:
Gsky ban taɓa aunawa ba Malam 🙈

KB Studiyo:
Akwai hanya ta tsakiya ma fa. Da yawa daga cikin masu sunan nan suna da layi mai sauƙi da ake haɗa musu a masana'anta bisa tsarinsu. Michael Tobias, wanda ya sayar wa Gibson da sunan Tobias a 1990 ya dawo ya buɗe MTD, yana da Kingston. Lakland na da Skyline, Dingwall na da Combustion mai karkatattun firet ɗin nan. Ka samu ɗaya ta hannu ka kaɗa wata shida, in 35 ko 37 ya yi wa yatsunka nisa ka gane tun kafin ka zuba babban kuɗi, in ka tashi sayarwa kuma asarar kaɗan ce.

Baba Ɗanlami:
Ƙari ɗaya, tunda kayan zai tsallaka iyaka. Ka tambayi sunan kowane katako da zai sa. Rosewood na Brazil tun 1992 yarjejeniyar duniya ta CITES mai kare itatuwa da dabbobi ta sa shi a rukuni mafi tsanani, ba ya ƙetare ƙasa sai da takardu, kar ka yarda a sa maka ko ɗan yanki. Sauran danginsa da bubinga an sa musu ido a farkon 2017, abin ya dagula wa masu jita lissafi sosai, sai a ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka riga aka gama haɗawa. Kuma ka faɗa masa irin yanayin da za ta zauna, zafi da laima ko bushewa, don katakon da bai bushe da kyau ba in ya canza waje sai allon yatsu ya tsuke bakin firet su fito suna yankar hannu. Ta kamfani da ta oda duk suna yi, katako bai san nawa aka biya ba.

Nura Fuzz:
Ni har yanzu ina kan bakana, faffaɗar ɗamara mai inci huɗu da sabon saiti wajen Malam Habu sun gama maganar nan. Ragowar kuɗin ka sayi amfilifaya mai kyau.

Zee Jita:
Ɗamara ba ta rage kilo Nura, raba shi kawai take.

Sadiq_Bes:
Na gode ƙwarai jama'a, Baba da Malam Habu Allah ya ƙara girma. Yanzu na ɗauko ruler ɗin ƙanwata na auna, tazarar tawa 18 ce kuma ashe ita ce take min daɗi ban sani ba. Na tura wa mutumin tambayar rinjayen wuya da ta nauyi da ta rubutacciyar yarjejeniya, na kuma ce ya haɗa ni da mutum uku cikin waɗanda ya yi wa aiki kwanan nan. Ya karanta bai amsa ba tukuna. Kafin nan akwai wanda yake da mai inci 35 a cikinku da zai bari in riƙe ko na kwana biyu ne?

KB Studiyo:
Akwai ɗaya a studiyo, amma tsirkiyarta ta kwana biyu, ka taho da naka.

Hamza Lefti:
In ya wuce kwana uku bai amsa ba ka dawo ka faɗa mana.